Gangar da Ta Cika Zaƙi: Jan Hankali ga Masu Haɗa Kiɗa

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya ratsa ta ɗakunan kwananmu da tsakar dare ya san cewa wata sabuwar sana'a ta sami gindin zama a tsakaninmu. Da wuya ka wuce gini guda ba ka tarar da wani ɗalibi ya duƙufa a kan kwamfutarsa ba, kunnuwansa a toshe, makirfo a gabansa, yana haɗa kiɗa, ko na biki, ko na fim, ko kuwa na 'yan takarar ƙungiyar ɗalibai. Mu kam muna murna da wannan, domin akwai waɗanda da wannan aiki suke biyan kuɗin rajista, su sayi littattafai, har su aika wa na gida da ɗan abin da ya samu. Sai dai murnar ba za ta hana mu faɗin gaskiya ba. Yawancin waƙoƙin da ke fitowa daga hannunmu, da ma daga situdiyoyin cikin gari, cuta ɗaya ke damunsu, ita ce kuwa son ƙara. Kowa so yake tasa ta fi ta kowa amo, ko da daɗin zai salwanta.

Kwanan baya muka ziyarci wani abokin karatunmu, ya kunna mana wata waƙa da ya kwana uku yana aikinta. Mawaƙin yana da murya, baitocin kuma da ma'ana, amma tun ba a ci rabin waƙar ba kunnuwanmu suka gaji, har ɗaya daga cikinmu ya miƙa hannu ya rage. Da muka leƙa fuskar kwamfutar sai muka ga zanen sautin ya cika fam kamar bulon siminti, ba tudu ba kwari, jar fitilar ma'auni kuwa tana ci tun daga farko har ƙarshe. Muka tambaye shi dalili, sai ya ce in bai yi haka ba mai waƙar zai dawo masa da ita, ya ce ta wane ta fi tasa tashi. Ba mu ga laifinsa shi kaɗai ba. Amma mun ga ya kamata a tattauna wannan al'amari a fili, musamman game da na'urar da ake wannan ɓarna da ita, watau kwamfiresa, da kuma ma'aunan da ke nuna ɓarnar ƙuru-ƙuru amma ba mai kula su.

To, da farko dai, mene ne aikin kwamfiresa? Murya da kiɗa abubuwa ne masu hawa da sauka. Mawaƙi yakan yi ƙasa da murya kamar mai raɗa, can kuma ya ɗaga ta har jijiyar wuyansa ta tashi. A zamanin da, ma'aikacin gidan rediyo ko na kamfanin faifai yakan zauna hannunsa a kan maɓallin ƙara, in murya ta yi sama ya rage don kada ta fi ƙarfin na'ura, in ta yi ƙasa ya daɗa don kada ta nutse cikin shuu ɗin faifai. An ƙirƙiro kwamfiresa ne don ta ɗauke wa wannan hannu aiki. Tana danne wuraren da suka yi ƙarfi, sai tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfin sauti da mafi rauninsa ta ragu. A da akwatuna ne na ƙarfe masu tsada, irin su 1176 wadda Bill Putnam ya ƙera a Amurka a 1967. Daga 1996, lokacin da kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST, sai irin waɗannan na'urori suka yi ta komawa 'yan ƙananan manhajoji da ake liƙawa cikin babbar manhajar haɗa kiɗa, waɗanda ake kira fulogin. Yau duk mai FL Studio ko Cubase yana da kwamfiresa a hannu. Ta zo mana a sauƙaƙe, amma sanin yadda ake sarrafa ta bai biyo ta ba.

Kafin mu shiga maɓallanta, sai mu san cewa da desibel ake awon ƙarfin sauti, kuma a cikin kwamfuta lamba 0 ita ce rufi, babu abin da ke wuce ta. Shi ya sa ake ƙirga kome daga can zuwa ƙasa, -6, -12, -20, haka dai. Hanya mafi sauƙi kuwa ta fahimtar maɓallan ita ce mu ɗauki sauti a matsayin doki, kwamfiresa kuma linzami. Maɓalli na farko shi ne haddi, wanda 'yan situdiyo ke kira tireshol. Shi ne matakin da in sauti ya haura shi za a fara jan linzami, abin da ke ƙasa da shi kuwa ba ruwan na'ura da shi. Na biyu shi ne reshiyo, watau ƙarfin jan. In an sa shi a 4:1, to, duk desibel 4 da sauti ya haura haddi, 1 kaɗai za a bari ya wuce. Misali, an kafa haddi a -20, murya ta yi tsalle ta kai -12, ta haura da 8 ke nan. Na'ura za ta bar 2 ta danne 6, murya ta fito a -18. In reshiyo ya kai 10:1 ko ya zarce, an tashi daga tausasawa an koma tarewa, wannan shi ne aikin limita. Na uku shi ne atak, watau saurin cafka, ana auna shi da milisakan, kashi 1 cikin 1000 na sakan. Na huɗu shi ne rilis, lokacin da na'ura ke ɗauka kafin ta saki linzami bayan sauti ya koma ƙasa da haddi. Akwai kuma wanda ake kira gwiwa, shi ke zaɓar ko a fizgi linzamin farat ɗaya ko a ja shi sannu a hankali. Na ƙarshe shi ne maɓallin ciko, wanda ke ɗaga sautin gaba ɗaya don a mayar da ƙarfin da aka danne.

Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya gyarawa, yana iya ɓatawa. Mu ɗauki atak. Kaifin bugun kalangu yana cikin ɗan tas ɗin nan da ake ji a daidai lokacin da sandar kiɗa ta sauka a kan fata, tsawonsa kuwa bai wuce 'yan milisakan ba. In an sa atak ya yi saurin gaske, na'ura za ta cafke wannan bugu tun bai fito ba, ganga ta koma kamar ana dukan katifa. In an sassauta shi zuwa wajen milisakan 10 zuwa 30, bugun zai tsere, a danne abin da ya biyo bayansa, ganga ta fito da kaifinta. Haka abin yake ga muryar Bahaushe, domin harufa irin su ƙ da ts fitarsu ta farat ɗaya ce, in aka dakushe su sai kalmomi su cakuɗe. Rilis kuma in ya gajarta ƙwarai sai kiɗa ya riƙa kumbura yana sacewa kamar ƙirjin mai haki, in ya yi tsawo ƙwarai sai wani bugu ya zo na'ura ba ta saki na baya ba, waƙa ta ƙare a maƙure. Abin da ake so shi ne cafka da saki su bi takun kiɗan.

Amma inda aka fi yaudararmu shi ne wajen maɓallin ciko. Tun a 1933 wasu masu bincike biyu na Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin dukan sautuka daidai wa daida. In ƙara ta yi ƙasa, kakkauran sauti da siririn sauti sukan dusashe masa, in ta ɗaga sai su bayyana. Saboda haka in aka kunna maka abu ɗaya sau biyu, na biyun ya ɗara na farko ƙarfi da ɗan kaɗan, kusan kullum za ka rantse ya fi daɗi. To, sai mai haɗa kiɗa ya danne desibel 3, ya cika 6, ya saurara, ya yi murmushi ya ce ya gyara, alhali kuwa algus ya yi wa kansa. Bugu da ƙari, ciko ba ya zaɓe. Yadda ya ɗaga muryar mawaƙi haka zai ɗaga numfashinsa, da kaɗawar fanka, da gurnanin janaretan maƙwabta, da hirar 'yan ɗakin da ke kusa. Mu da ke ɗaukar murya a ɗakin da ba a gina shi don wannan aiki ba, mu muka fi kowa cancantar mu ji tsoron wannan maɓalli.

A nan ne ma'auni ke da ranarsa. Kunne yana gajiya, yana sabawa da abin da ya daɗe yana ji, yana kuma da son zuciya, ma'auni kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai dai ma'aunan iri-iri ne, kuma ko wane da tambayar da yake amsawa. Na farko shi ne ma'aunin ƙololuwa, mai hawa daga kore zuwa rawaya zuwa ja. Shi yana faɗa maka ne ko sautinka ya kusa bugun rufi, domin duk abin da ya nemi wuce 0 sai a gundule masa kai, shi ne fashewar nan da ke sukar kunne. Amma ba ya faɗa maka yadda ƙarar take a kunnen mai sauraro. Na biyu shi ne ma'aunin VU mai allura, wanda injiniyoyin kamfanin Bell da na gidajen rediyon CBS da NBC suka tsara a Amurka a 1939. Allurarsa takan ɗauki kimanin milisakan 300 kafin ta kai inda za ta, don haka matsakaicin ƙarfi take nunawa, wanda ya fi kusa da abin da kunne ke ji. Na uku shi ne ma'aunin LUFS, wanda ya samo asali daga ƙa'idar da Hukumar Sadarwa ta Duniya ta fitar a 2006. Shi yana iya auna waƙa tun daga farkonta har ƙarshe, bisa la'akari da yadda kunne ke ji, ya ba ka lamba guda. Na huɗu kuwa yana jikin kwamfiresar kanta, yana nuna desibel nawa take dannewa a ko wane lokaci. Wannan shi ne wanda aka fi yi wa kallon hadarin kaji, alhali shi ya fi kowa sanin sirrin aikin. In yana ɗan motsawa tsakanin 3 da 6 a kan murya, yana komawa mazauninsa tsakanin baiti da baiti, lafiya. In kuwa ya lafe a 12 ya ƙi tashi, to, an shaƙe doki.

Al'adar tura sauti har cikin ja ma gado ce ta zamanin kaset, lokacin da in ba a ɗauki murya da ƙarfi ba shuu ɗin zare zai rinjaye ta. Yau wannan dalili ya kau. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana da fili na kimanin desibel 96 tsakanin shiru da rufi, ɗaukar da muke yi a kwamfuta a ma'aunin bit 24 kuwa ta fi haka fili nesa ba kusa ba. Mai gida mai faɗin haka ba shi da dalilin kwana a manne da rufi.

Kada mu ɗauka mu ne farau. Turawa sun riga mu faɗawa wannan rami tun daga shekarun 1990, lokacin da kamfanonin faifai suka shiga gasar da aka yi wa laƙabi da yaƙin ƙara. Abin ya kai intaha a 2008, da ƙungiyar mawaƙan Metallica ta Amurka ta fitar da faifanta mai suna Death Magnetic. An matse shi har yana fashewa, sai masoyansu suka gano cewa waƙoƙin da aka sa a cikin wasan bidiyon Guitar Hero, waɗanda ba a yi musu wannan matsi ba, sun fi na faifan daɗin ji, dubbai suka sa hannu a takardar koke. A 2010 Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin ta Turai ta tsayar da -23 LUFS a matsayin ma'aunin shirye-shiryenta, a shekarar kuma Amurka ta kafa dokar hana tallace-tallacen talabijin su fi sauran shirye-shirye ƙara. Daga nan dandalin sauraron waƙoƙi suka bi sahu. Spotify, a saitinta na yau da kullum, tana daidaita waƙoƙi a -14 LUFS, YouTube ma yana rage wa duk wadda ta cika ƙara. Ma'anar wannan ita ce, in ka matse waƙarka ta kai -8, Spotify za ta rage mata desibel 6, ta jera ta kafaɗa da kafaɗa da wadda ba a matse ba. A nan sai waccan ta fito da bugunta da numfashinta, taka kuwa ta fito a shafe, ƙarar da ka sayar da daɗi dominta an karɓe ta. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Mun san abin da 'yan'uwanmu masu wannan sana'a za su ce, kuma maganarsu abin dubawa ce. Za su ce yawancin masu sauraronsu ba a waɗannan dandali suke ba. A lasifikar waya suke ji, ko a cikin A Daidaita Sahu, ko a wurin biki, waƙar kuwa daga wajen masu tura waƙoƙi na kasuwa ta fito, ko ta WhatsApp, inda babu mai daidaita kome. A irin waɗannan wurare masu hayaniya, in murya ta yi ƙasa ta ɓace. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba mu ce a jefar da kwamfiresa ba. Waƙar da za a ji a kan titi tana bukatar matsi fiye da wadda za a ji a ɗaki. Amma lasifikar waya tana da iyakarta, in ta kai ta kai, abin da aka tura mata bayan nan sai dai ya zama fashewa. Sa'an nan mayar da waƙa zuwa MP3 yakan ɗan ɗaga ƙololuwarta, don haka wadda aka manna da rufi takan fito da tabo. Abin da ke sa murya ta keta hayaniya shi ne a ba ta wuri, a rage kayan kiɗan da ke gogayya da ita, maimakon a jibga guda goma sa'an nan a matse su tare. Daɗin daɗawa, mai sauraro yana da maɓallin da zai ƙara ƙara in ya so, amma ba shi da maɓallin da zai mayar wa waƙa ran da aka matse mata.

Mu da muka gaji kiɗan Hausa ma bai kamata a koya mana wannan ba. Mai karatu ya koma ya saurari Mamman Shata da kalangunsa, ko Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, ko Barmani Choge da ƙwaryarta. Zai ji yadda kiɗa ke lafawa don a ji magana, da yadda yake tashi in an kai gaɓa, da yadda 'yan amshi ke karɓa su cika wuri sa'an nan su janye. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasar nan shekara da shekaru. Hawa da saukar nan su ne ke motsa zuciya, domin tashin kiɗa ba ya armashi sai in ya taso daga lafawa. Abin da muke tsoro shi ne a wayi gari ƙannenmu sun tashi ba su san wannan ɗanɗano ba, har su ɗauko waɗancan tsofaffin faya-fayan su matse su da sunan sabuntawa.

Akwai kuma batun lafiya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, watau a 89 awa 5 kaɗai suka rage. Ɗalibin da ke kwana da lasifika a kunne ya yi wa kansa lissafi. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma kunnen nan shi ne jarin mai haɗa kiɗa.

Saboda haka muna ba 'yan'uwanmu waɗannan shawarwari. Na farko, a bar wa sauti fili tun daga wajen ɗauka, ƙololuwar murya ta tsaya wajen -12 zuwa -6, kada a ga ja. Na biyu, kada a ɗora kwamfiresa sai an san abin da ake so ta gyara, a fara da reshiyo mai sauƙi kamar 2:1 ko 3:1, ido yana kan ma'aunin dannewa. Na uku, duk lokacin da za a gwada ko ta yi amfani, a daidaita ciko har ƙarar ta zama ɗaya ko an kunna ta ko an kashe, sa'an nan a bar kunne ya yanke hukunci. Na huɗu, a duba LUFS kafin a miƙa aiki, a kuma bar desibel 1 tsakanin ƙololuwa da rufi. Na biyar, a yi aiki da ƙara madaidaiciya, wadda ba za ta hana ka jin maganar na kusa da kai ba, a riƙa kuma hutar da kunne. In mai waƙa ya matsa sai an daɗa, a kunna masa iri biyun a ƙara ɗaya ya zaɓa da kansa. Mun yi imani da yawansu za su sake shawara.

Muna kuma kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da su shirya bita a kan wannan sana'a, su gayyato ƙwararrun ma'aikatan sauti daga gidajen rediyo, waɗanda suka yi shekaru suna kallon allura, su zauna da matasanmu. Ƙungiyar Hausa da malamanmu na harshe kuma su taimaka a daidaita sunayen waɗannan maɓallai da Hausa, domin mutum ya fi riƙe abin da ya fahimta da harshensa. Sunayen da muka yi amfani da su a nan gwaji ne, in an sami waɗanda suka fi su muna maraba.

Hausawa dai sun ce in ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Tamu ta fara fashewa, ma'auni kuma yana nuna mana da jar fitila kullum dare. Saura mu ɗaga kai mu duba, mu sassauta linzami. Allah ya sa mu gane.